Yaran da suka haɗa min manhajar shago a nan Katsina, ga abin da na gani

Mutane da yawa sun tambaye ni, musamman maƙwabtana masu shago, wai abin nan da yarona ke dannawa a waya rasit ya fito a ina na samo shi, nawa ne, kuma da gaske yana aiki ko dai kwalliya ce. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Sunan kamfanin ba zan sa ba, don akwai inda zan yabe su akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma yara ne masu tasowa bana son maganata ta rufe musu ƙofa. Su huɗu ne, maza uku da mace ɗaya, ofishinsu ɗaki biyu ne a saman wani bene nan cikin gari.

Sana'ata taki da maganin feshi da iri. Ina da shago a Katsina, ƙanena kuma yana riƙe da wani a Daura. Duk wanda ya san harkar nan ya san rabin cinikin bashi ne, manomi ya zo daga Rimi ko Kaita ko Batagarawa ya ɗauki kamfa buhu biyu da yuriya ɗaya farkon damina ya ce sai kaka, masu noman rani na wajen Ajiwa kuma nasu lokacin daban, sai sun sayar da kayan lambu. Shekara da shekaru a babban littafi nake rubutawa. Abin da ya fara karya min gwiwa da littafi shi ne lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, kowa ya koma tiransifa, mutum ya ce ya turo alat bai shigo ba sai bayan kwana biyu, ka rasa wa ya biya wa bai biya ba, ga asusu biyu ga na'urar POS ga littafi, ranar da na zauna haɗa lissafin wata ɗaya na kai ƙarfe ɗayan dare bai haɗu ba. Na gwada manhajoji biyu na kyauta da ake saukewa, duk an yi su ne don kanti mai sayar da abu ɗaya farashi ɗaya kuɗi hannu, babu wadda ta san mutum zai iya biyan bashin taki da buhun wake.

A watan Janairun 2025 na je wurin yaran nan. Ni a tunanina zan faɗi abin da nake so su ce in dawo bayan sati in karɓa kamar ɗinki. Shugabansu ya ce Alhaji ba za mu taɓa kwamfuta ba tukuna sai mun zo shagonka mun zauna. Kuma suka zo, kwana uku cur, biyu daga cikinsu suna zaune kan benci tun buɗe shago har la'asar suna kallon yadda ake ciniki, sun ɗauki hoton shafukan littafina da izinina, sai tambaya kamar ba za ta ƙare ba. In mutum ya sayi rabin buhu ya kuke cirewa? Tiya nawa kuke awowa a buhu mai kilo 50? Farashin dillali da na manomi ɗaya ne? In wani ya tsaya wa wani, sunan wa ake rubutawa? In an kawo gero a madadin kuɗi, da farashin ranar da ya ɗauki taki ake lissafawa ko na ranar da ya kawo? Wallahi wasu tambayoyin ni kaina ban taɓa zama na tsayar da amsarsu ba, sai da na kira ƙanena muka gano ashe shi yadda yake yi a Daura daban ni yadda nake yi daban, shekara nawa.

Wannan zaman shi ne abin da ya fi komai daraja a cikin kuɗin da na biya, kuma in wani ya ce zai haɗa maka manhaja bai zo ya ga wurin aikinka ba, ka riƙe kuɗinka. Misali ɗaya zan bayar. Yarinyar da ke cikinsu ce ta lura a littafina masu suna iri ɗaya sun fi goma, ta ce Baba ya kake bambance su? Na ce ai wannan na ƙauye kaza ne, wancan mai injin ban ruwa ne, wancan kuma surukin wane ne. Nan take ta rubuta dole kowane kwastoma a ba shi gurbin laƙabi da ƙauye da wanda ya tsaya masa, kuma a iya nemo shi ta kowanne daga ciki. Da ba ta zo ba da suna da lambar waya kawai za su sa, alhali da yawa daga manoman nan lambar ɗansu ko ta maƙwabci suke bayarwa, wani ma duk damina da sabon layi yake zuwa.

Bayan sati suka kawo takarda shafi shida, da Hausa, an jera duk abin da manhajar za ta yi da kuma abin da ba za ta yi ba. Na sa hannu suka sa. Kuɗin aiki a lokacin ya kai kimanin kuɗin buhun taki 15, aka raba uku: kashi 40 kafin a fara, 30 in na ga tana motsi, 30 bayan gwaji. Wa'adi sati 8.

Sai zane. Nan ma ba su rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ko layi ɗaya ba, hotunan fuskokin manhajar suka zana a wani abu da ake kira Figma suka turo min a waya, ka danna nan ya kai ka can kamar gaske amma ba ya ajiye komai. Na ba yaron shagona ya gwada tunda shi zai fi riƙe ta, shi kuma karatun allo ya yi sai firamare, yana karanta Hausa sarai amma Turanci sai a hankali. Zanen farko ya yi kyau a ido amma rubutun ƙanana, kuma kafin ka rubuta cinikin buhu ɗaya sai ka wuce fuska biyar, yaron ya ce Alhaji ranar da mutane suka cika kafin in gama wannan ai na rubuta mutum uku a littafi. Suka koma suka rage zuwa fuska biyu, maɓallai manya, komai da Hausa: Sayarwa, Bashi, An biya, Kayan sito. Mun ɗan yi gardama kan kalmomi, sun sa "ragowar kuɗi" na ce mu "cikon kuɗi" muke cewa in bashi ne, suka gyara a gabana cikin minti biyu. Shugaban nasu ya ce gyara a zane kyauta ne, gyara bayan an gina shi ne mai tsada, kuma daga baya na ga gaskiyar wannan da aljihuna.

A wannan matakin ne kuma aka yanke magana mafi girma, wato ta yi aiki ko babu sabis. Su da farko sun so su yi ta a shafin intanet don ya fi musu sauƙi. Na tuna musu watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Jibiya da Batsari inda nake da kwastomomi, kuma ko ba wannan ba akwai ranakun da sabis ke rawa a cikin gari ma. Sai suka canza tsari, komai ya fara ajiyuwa a cikin wayar kanta a wata 'yar ma'ajiya da suka ce sunanta SQLite, in sabis ya samu sai ta tura kwafi can saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai a intanet, ta haka ni ina Katsina ina ganin abin da aka sayar a Daura.

Rubuta kod ɗin kansa ba ni da abin cewa da yawa tunda ba gani nake ba. Sun ce da Flutter suka yi, kayan aikin Google ne, yarensa Dart. Abin da ya shafe ni shi ne sun yi alkawarin duk sati biyu za su nuna min abin da ya kammala in taɓa da hannuna, maimakon su ɓace sai ƙarshe. Sun cika sau biyu. Na farko sayarwa da cire kaya daga sito, na biyu bashi da biya. Daga nan azumi ya kama a watan Maris, kuma ashe ɗaya daga cikinsu wanda ke riƙe da ɓangaren saba ya samu kiran bautar ƙasa ya tafi sansani, babu wanda ya gaya min. Sati uku shiru, in kira a ce ana kai, in tura saƙo a gani ba amsa. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai kuma har yau ina ganin ba su kyauta ba. Ba jinkirin ne ya dame ni ba, kowa na da uzuri, ɓoyewar ce. Da sun ce Alhaji ga abin da ya faru a ƙara mana sati uku da na ce Allah ya taimaka. Sai da na taka har ofis bayan sallar azahar sannan na ji gaskiya.

A tsakiyar aikin kuma na zo da sabon abu, na ce ina so ta riƙa tura wa masu bashi saƙon tunatarwa in kaka ta yi. Suka buɗe takardar da muka sa hannu suka nuna min babu shi a ciki, suka ce zai yiwu amma da ƙarin kuɗi da ƙarin kwana goma, kuma kowane saƙo akwai kuɗinsa da ni zan riƙa biya. Ranar na ji zafi, amma da na yi tunani in magini ya zuba dakin ka ce a ƙara taga a bangon da ya riga ya tashi ai ba kyauta zai fasa ba. Na biya. Kuma saƙon ma da na zo amfani da shi sai da na rage, don akwai dattawan da tura musu saƙon bashi a wayar ɗansu tozarci ne, su sai dai ka je ka gaishe su ka yi shiru su da kansu za su tayar da maganar. Suka ƙara min wurin da zan cire sunan wanda bana so a tura masa.

Gwaji shi ne wuri na biyu da na ga amfanin kuɗina. Bayan ƙaramar Sallah suka sa ta a wayoyi biyu, suka ce kar mu ajiye littafi, duk ciniki a rubuta a littafi a kuma shigar a waya, da yamma a gwada su a gani ko sun yi daidai, haka har sati uku. Aiki biyu ne kuma yaran shago sun yi ta gunaguni, amma ga abin da muka kama. Na ɗaya, in sabis na rawa yaro ya danna An biya bai ga ta motsa ba ya sake dannawa, sai biyan ya shiga sau biyu, bashin mutum ya ragu fiye da abin da ya kawo. Na biyu, in aka sayar da tiya uku daga buhu sai ta cire buhu guda daga sito. Na uku ya fi ba su wahala, kwana huɗu suna nema: lissafin Daura kullum yana zuwa a hargitse, cinikin yau ya faɗa cikin na shekaranjiya, ashe agogon wayar ƙanena ne ba daidai ba kuma manhajar da agogon waya take aiki. Su irin waɗannan kurakurai "bog" suke ce musu, kwaro kenan, kuma suna da wurin da suke jera su ɗaya bayan ɗaya, wanda aka kashe a soke shi, ni ma sun ba ni damar leƙawa.

Akwai wani da ya shafi Hausa kai tsaye da nake so masu irin wannan aiki su sani. 'Yar firintar rasit da na saya, irin mai ƙaramar takarda milimita 58 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, ba ta san haruffanmu masu lanƙwasa ba. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ suka fito sai ta buga alamar tambaya, sunan ƙauyen mutum ya fito a gutsure. Ɗayansu ya ce a cire lanƙwasar kawai a huta ai kowa haka yake rubutu a waya, yarinyar nan ta ƙi, ta ce rasit shaida ce kuma sunan mutum da na garinsu a rubuta su daidai. Sai suka sa manhajar ta mai da rasit ɗin hoto sannan ta tura wa firinta. Yana ƙara 'yan daƙiƙu kafin ya fito amma yana fita tsaf. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya faɗa.

Wajen miƙa aiki ne muka sake samun saɓani. Na ɗauka za a sa ta a Play Store kamar sauran. Suka bayyana min buɗe asusun mai haɗa manhaja a wurin Google dala 25 ne sau ɗaya, kuma sabon asusu na mutum ɗaya sai an samu aƙalla mutum 12 sun gwada manhajar na kwana 14 a jere kafin a bari ta fito fili, ni kuma wayoyi uku kacal za su yi amfani da ita. Na yarda ba buƙata, suka sa mana ita kai tsaye da fayil ɗin da ake kira APK. Illar ita ce duk sanda suka yi gyara sai sun turo sabon fayil ta WhatsApp mun sauke da hannu, kuma akwai lokacin da wayar Daura ta yi sati biyu tana kan tsohuwa ba mu sani ba. Abin da ban yarda ba shi ne da na gano asusun saba da sunan ɗayansu aka buɗe shi da imel ɗinsa. Wato bashin mutane sama da 400 da lambobinsu yana hannun wani, in gobe muka ɓata ko ya bar gari fa? Na riƙe kashi 30 na ƙarshe na ce sai an mai da komai sunana. Ba su yi musu ba gaskiya, cikin kwana biyu aka buɗe sabon imel na shago aka kwashe komai, kod ɗin ma suka sa min kwafi a GitHub, wani shafin ajiye kod a intanet, da kuma filasha na ajiye a gida, ko da wata rana wani ne zai ci gaba da aikin. Amma ni na tambaya, ba su suka kawo maganar ba, kuma wanda bai san ya tambaya ba haka zai zauna. Ga shi tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, lambobin manoman nan amana ce a wuyana ba a wuyansu ba.

Wani abin da babu wanda ya gaya min tun farko: shigar da tsohon littafi cikin manhaja aikina ne. Ɗiyata da yaron shago suka kwashe kusan sati biyu kullum bayan isha'i tana karantowa yana shigarwa. Da an faɗa min da na fara tun ana zane. Gaba ɗaya sati 8 ya zama 14, amma Alhamdulillahi mun shiga damina da ita.

To ya take a aiki? Damina guda da kaka guda na yi da ita. Lissafin rana da ke cina awa biyu yanzu kafin a rufe shago ya fito. Manomi ya zo yana cewa buhu biyu na ɗauka ba uku ba, in buɗe in nuna masa rana da wanda ya miƙa masa, da yawansu ma suna zuwa da rasit ɗinsu a ninke cikin aljihu, gardama ta ragu sosai kuma zumunci bai ɓaci ba, wanda a wurina ya fi kuɗin. Babu wanda zai iya goge ciniki, sai dai a soke kuma sokewar na nuna wa ya yi da ƙarfe nawa. A watan Agusta wayar shago ta faɗa kwata ana ruwa ta mutu, gabana ya faɗi, muka sayi wata aka sa manhajar aka shiga da fasiwod komai ya dawo, sai cinikin safiyar ranar guda huɗu da ba su riga sun tafi saba ba, su kuma yaron ya tuna.

Inda suke da rauni har yanzu shi ne kulawa bayan an gama. Mun yi yarjejeniyar ɗan kuɗi duk wata don gyare-gyare, kuɗin saba kuma da dala ake lissafa shi don haka yana hawa yana sauka da canji, wannan ba laifinsu ba ne. In abu ya tsaya cak suna zuwa da wuri, sau ɗaya ma da daddare ɗayansu ya gyara daga gida. Amma ƙananan abubuwa sai ka yi ta bi. Sun samu manyan ayyuka yanzu, na ji suna yi wa wata makaranta, ina musu murna, sai dai mu na farko mun koma baya a layi. Tun watan Oktoba na roƙi a sa min gargaɗi in maganin feshi ya kusa ƙarewar wa'adinsa, don katan biyu sun lalace min a lungun sito ban lura ba, sun ce abu ne mai sauƙi tunda akwai gurbin kwanan wata tun farko, har yau ana kai.

In maki ne zan ba su 7 cikin 10. Zaman farko da zane da gwaji ban ga abin kushewa ba, kuma suna da ladabi, ba su taɓa sa na ji kamar tambayata ta rashin sani ce ba. Abin da ya cire ukun shi ne shirun azumi, maganar asusu da sunan wani, da wannan jan ƙafa na bayan an gama aiki. Mai ƙaramin kanti da ke sayarwa kuɗi hannu ba ya buƙatar kashe wannan kuɗi, na kyauta sun ishe shi. Mai harkar bashi da shago fiye da ɗaya irina kuwa zan ce ya je, amma ya sa a rubuta a takarda tun ranar farko sunan wa za a buɗe asusu, wa zai shigar da tsohon littafi, kuma in ya kawo ƙorafi cikin kwana nawa za a amsa masa. Ni ma wannan na ƙarshen zan sa a ƙara in mun zauna sabunta yarjejeniya wata mai zuwa, tare da maganar gargaɗin maganin feshi, don ina so ya fara aiki kafin in sauke kayan damina mai zuwa.